Aparantin Sarkin Yashi

Agadas, ranar Talata

Zuwa ga Yayata Hindatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da dukan mutanen Attantane. Yaya sanyi, yaya ƙarshen aikin wake? Ina fata an gama an zuba a rumbu. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarku.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. An ce da mun bar Agadas waya ba ta ƙara kamawa, kuma ko tana kamawa, ba na iya yi miki gulmar mutane suna zaune a gefena. Zan riƙa ba masu motocin albasa da ke gangarowa kudu, su ajiye a tashar Tasawa a miƙo miki. Ki karanta da kanki, da karatun nan da na sha wahalar koya miki. Kada ki ba 'yarki Zara'u ta karanta da ƙarfi a tsakar gida, kin san bakinta ba ya riƙe komi.

Mun iso lafiya ta Damagaram da Tanut. Mu huɗu ne: ni, da maigidana Baban Lubna, da Lubna da ta samu hutun lakwal, da ɗanki. Na ce ɗanki don ke kika ɗauke shi tun daga yaye, kuma ɗan fari ne, bakina bai taɓa kama sunansa ba. Duk Tasawa an san ciwon gwiwa ne ya taso ni zuwa ruwan zafi na Tafadek. Gwiwar tana ciwo, ban yi ƙarya ba, amma ba ita ta fitar da ni daga ɗakina ba. Tun ranar da kika zo kika raɗa mini cewa ɗanki ya gama shiri da abokinsa Haisam za su tafi haƙar zinariya can cikin hamada, nake neman dabarar tsare shi. Kin ga yadda waɗanda suka je suka dawo, kin kuma san gidajen da har yau ake jira. Na ce tunda arewa yake so, bari mu rako shi mu duka, ko Allah zai buɗe bakin ubansa a hanya.

Don a nan ciwon yake, Yaya. Shekara da shekaru yaron nan yana aparanti a motar ubansa, shi ne ɗaurin kaya, shi ne shiga ƙarƙashinta, ga permi na tuƙi a aljihu har ya fara yagewa, amma ko sau ɗaya ba a ce ya zauna ya tuƙa ba. Ba a yaba masa, ba a ma yi masa magana. Kunyar ɗan fari duk muna yi, ni ma ina ciki, amma ta Baban Lubna ta wuce ta kowa. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa a gaban mota, sai ya waiwayo baya ya ce wa Lubna ta gaya wa yayanta ya duba ruwa. Lubna ta faɗa. Ɗanki kuma ya ce ta gaya wa Baba an duba. Daga Tasawa zuwa nan yarinyar nan ta kai saƙo har muryarta ta dishe, ta ce gara a koma aji ta huta.

Ban da wannan, tafiya ta yi daɗi ƙwarai. Kin san ba a banza 'yan tasha ke ce wa surukin naki Sarkin Yashi ba. Duk inda gudron, wato kwalta, ya mutu aka sauka cikin rairayi, sai ki ga fuskarsa ta washe, yana ba Lubna labarin yadda ya fitar da amarya da 'yan rakiyarta daga yashin El Allassane da damina. Labarin nan na ji shi har na haddace, amma na yi dariya kamar yau na fara ji. Mun tsaya gindin wata aduwa mun shimfiɗa tabarma, muka ci kilishi da cukun da muka saya a hanya, ɗanki ya dafa shayi. Rabon da in zauna in miƙe ƙafa ba tukunya a kan wuta, har na manta.

Haisam ya zo masaukinmu ya gaishe mu, yaro mai ladabi, na amsa masa da ƙyar. Bayan ya fita na aiki Lubna ta gaya wa yayanta cewa ba na iya hawa mota ko sauka sai da kafaɗarsa, don haka ya kai ni ruwan zafi ya maido ni Agadas, daga nan ya yi abin da ya ga dama. Ya ce to. Ke nan abin da ya rage mini shi ne hanyar nan ta cikin duwatsu, zuwa da dawowa. Tsoro nake ji, Yaya, ba na ɓoye miki.

Ki gaida maigida da yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Sa'a

Tafadek, ranar Asabar

Zuwa ga Yayata Hindatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarki da ta gida duka. Yaya bayan naki, kina dai shafa man da na bar miki? Mu muna lafiya, har ma mun fi yadda muka taso.

Yaya, da kin ga ƙasar nan. Da mun bar Agadas kaɗan sai yashi ya ƙare, duniya ta koma dutse, baƙi ƙirin, kamar an toye gari an bar gawayi. Wasu duwatsun a tsaye suke da kai a yanke, wasu a warwatse har iyakar ganinki. Lubna ta ce an koya musu a lakwal cewa da can duwatsun nan aman wuta suke yi, abin da suka amayar ne ya sandare ya zama haka. Babanta ya ce to madalla da suka tuba kafin mu zo. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai, mu da muke neman dutsen murhu ruwa a jallo a wajenmu, ga shi nan zube ba mai so. Na sa an ɗauko mini uku masu kyau an tura ƙarƙashin kujera, ana yi mini dariya.

Ruwan kuwa gaskiya ne, ba labari ba. Daga cikin ƙasa yake ɓulɓulowa da zafinsa, ba wuta ba itace. An gina ɗaki a kansa, maza su shiga su fito, mata su shiga. Ranar farko da na tsoma ƙafa na zare ta da sauri, na ce wannan ai na fige kaza ne. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta zaunar da ni a hankali, har ruwan ya kai mini wuya. In kin fito sai ki ji jikinki ya saki, ki lulluɓa da bargo a inuwar goriba, a miƙo miki shayi, ki yi ta kallon duwatsu ba abin da ke jiranki. Mata ne daga ko'ina, na Tawa, na Arlit, na Damagaram, kowa da gaɓar da ke damunta, kowa da labarin surukanta. Gwiwata ta yi sauƙi har ina mantawa in yi ɗingishi, sai na hango ɗanki in tuna.

Baban Lubna da ya rantse shi ba abin da zai sa shi cikin tukunya, yanzu shi ake roƙo ya fito. Jiya na same shi kwance a tabarma da rana tsaka yana minshari, hula a kan fuska. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa ganin ya yi barcin rana ba. Lubna da yayanta kuma kullum da safe sai sun hau wani dutse, su dawo da ƙafafu a kurje suna gardamar wa ya riga kai wa sama.

To ga abin da ya ɓata mini rai. A nan muka haɗu da wani mutumin Timiya, Abdulaziz, mai lambuna da motocin albasa, ya kawo mahaifiyarsa wanka. Motarsa ta ƙi tashi, ɗanki ya shiga ƙarƙashinta ba wanda ya sa shi, kafin shayi ya nuna ta tashi. Abdulaziz ya tambayi Baban Lubna ko wane ne wannan saurayi. Kin san amsar. Ya ce wani aparanti ne da ya tsinta a tasha, hannunsa ba laifi. Ɗanki yana nan ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani, ya ji komi.

A Tasawa in ya faɗi haka kowa dariya yake yi, don an san na wane ne, an kuma san a bakin uba wannan ma yabo ne. Nan kuwa ba wanda ya san mu. Mutumin ya ɗauki maganar yadda aka ba shi, har da jinjina kai yana cewa an yi tsintuwa mai kyau. Kuma kada in ɗora wa mutum ɗaya laifi, ni ma da mahaifiyar Abdulaziz ta tambaye ni a cikin ruwa, cewa na yi ɗan yayata ne. Ta ce Allah ya ba ni irinsa, na ce amin. Ranar ɗanki bai ci abincin rana ba, ya ce wa Lubna zafi ne. Na ji kunya, ba irin wadda muka saba ba.

Abdulaziz ya matsa sai mun bi shi Timiya mun ga lambunansa, ya ce mu bi bayan motarsa don hanyar ba ta baƙo ba ce. Baban Lubna ya ce shi ba a koya masa hanya, amma ya yarda. Ni ma na yarda da sauri, don duk abin da zai nisanta mu da Agadas ina so.

Ki gaida Zara'u, ki ce ina nan tafe mata da tsaraba in ta bar leƙen takardun mutane.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Sa'a

Timiya, ranar Alhamis

Zuwa ga Yayata Hindatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali. Yaya maigida, ya dawo daga kasuwa lafiya? Mu mun iso Timiya, Allah ya kiyaye, kuma in na ce Allah ya kiyaye ki zauna tukuna kafin ki ci gaba.

Da farko hanya ta bi cikin ƙorama busasshiya, yashi zalla, Sarkin Yashi yana ta annashuwa har yana wuce motar Abdulaziz yana ɗaga masa hannu. Sai muka fara hawa. Daga nan ba sauran yashi, sai baƙin dutse mai kaifi, mota tana tafiya tana kuka. Muka zo wani wuri da ruwan damina ya cinye hanya, ya bar duwatsu hawa-hawa, ga rami mai zurfi a hannun hagu. Abdulaziz ya tsaya ya ce kowa ya sauka. Ya ce yadda ake wuce wurin, mutum ɗaya ya tsaya gaban mota yana ja da baya, yana nuna wa mai tuƙi da hannu inda kowace taya za ta taka, shi kuma mai tuƙi kada ya ɗauke ido daga kansa. Haka suka wuce da tasu, shi da direbansa, ba wata wahala.

Ɗanki ya je ya tsaya gaban tamu ya ɗaga hannu. Kin riga kin gane. Mutumin da bai taɓa duban ɗansa ido cikin ido ba, yau an ce kada ya ɗauke ido daga kansa. Sai ya kira Lubna ya tsayar da ita gefen taga, wai ita ta dubi yayanta ta gaya masa. Ɗanki ya nuna dama, Lubna ta ce dama, kafin maganar ta iso kunne taya ta riga ta wuce wurin. Suka yi haka sau biyu Allah yana rufa asiri. A na uku tayar baya ta zame daga kan dutse, mota ta karkata wajen ramin ta tsaya tana rawa. Ɗanki ya ruga ya shiga ta ƙasanta da dutse a hannu zai tokare, mota duka a kansa.

Lubna ta ce wai na kira sunansa, sunan nan da ke kika zaɓa, har duwatsu suka amsa. Ni ban ji ba. Na ce mata ƙarya take yi, ta ce mahaifiyar Abdulaziz shaida ce. Abin da na sani, na tsinci kaina a bakin ramin ba sanda, ba ɗingishi, kallabina a hannu.

Ya tokare, mota ta tsaya. Baban Lubna ya kashe inji. Can ya buɗe ƙofa ya sauko, ya bar ta a buɗe, makulli a jiki. Ya taka ya je ya tsaya daidai inda yaron ya tsaya ɗazu, ya gyara hula, ya ɗaga hannu biyu. Ɗanki ya dubi Lubna yana jiran saƙo, ta ce ita ba a ba ta komi ba. Sai ya goge hannunsa a wando ya shiga.

Yaya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Uban yana ja da baya a kan duwatsu, yana kiran taya ɗaya-ɗaya da yatsa, ɗan yana dubansa tsakiyar fuska, shi ma yana dubansa. Mota ta miƙe, ta sauka hawa ɗaya, ta sauka na biyu, ko ƙasanta bai gogi dutse ba. Da suka fita, Baban Lubna ya zagaya ya shiga kujerar gefe, ya ce wa Lubna ƙafarsa ce ta riƙe. Ɗanki ne ya shigo da mu Timiya.

Garin nan kuwa, bayan duk baƙin dutsen da muka sha, sai kawai ki ga kore. Lemu a kan itace har rassa suna taɓa ƙasa, ga rumman, ga dabino, ruwa yana bin 'yan hanyoyi tsakanin fangali. Lubna ta sha lemu har ta kwanta tana riƙe ciki. An kai mu wani wuri da ruwa ke zubowa daga saman dutse cikin tafki, sanyinsa har cikin haƙori. Baban Lubna ya naɗe wando ya tsoma ƙafa yana ta yi wa ruwan faɗa, ni kuma da ƙafata na je na dawo. Asirin ɗingishina ya riga ya tonu tun a bakin rami.

Jiya da la'asar muna lambu, ina bayan zana da mata muna ɓare rumman, sai ga Abdulaziz da dattawa biyu sun yi shiga ta mutunci. Suka zauna, aka zuba shayi. Ya ce ya zo neman alfarma ne a gaban shaidu. Ya ce ya ga aikin aparantin nan a Tafadek, ya ga tuƙinsa a kan dutse, kuma yana da sabuwar mota ba direba. Tunda yaron tsintacce ne ba shi da kowa, yana roƙon maigidansa ya sallame shi, shi zai ba shi mota da ɗaki, in lokaci ya yi ya yi masa aure a nan Timiya. Da zuciya ɗaya ya faɗa, mutumin kirki ne. Ɗanki yana gefe yana fifita gawayi, bai ɗago ba.

Na ji rumman ta faɗi daga hannuna. Na ce yau ko dai a haɗiye kunya ko a yi kyautar ɗa a gaban shaidu. Baban Lubna ya ajiye kofinsa a gabansa. Dattawa suka fara duban juna. Sannan ya yi magana, idonsa a cikin kofi, murya ƙasa-ƙasa, sai da na manna kunne da zana. Ya ce yaron ba tsintacce ba ne. Ya ce nasa ne, na farkon da Allah ya ba shi. Ya ce motar da muka zo da ita ma, tun ranar da ya saye ta don yaron ya saya, yana dai riƙe masa ne, kuma ya ga riƙon ya isa. Ya ce ba shi da wanda zai sallama.

Abdulaziz ya kama baki, ya yi ta ba da haƙuri. Dattawan suka yi dariya har da hawaye, ɗaya ya ce ya sha jin mutanen kudu suna ɓoye gero a shekarar yunwa, amma bai san suna ɓoye 'ya'ya ba. Mahaifiyar Abdulaziz ta dube ni ta gefen ido ta ce ita tun a bakin rami ta san ba ɗan yaya ake yi wa irin wannan kira ba. Ɗanki kuwa ya ajiye mafici ya tashi ya shige cikin itatuwan lemu, bai dawo ba sai da aka kira magariba.

Na yi murna, Yaya, na yi kuka a bayan zana kamar yarinya. Amma har yanzu ɗanki bai ce wa kowa komi ba, ko Lubna, kuma Haisam yana can Agadas yana jira. Maganar da aka hana mutum tun yana rarrafe, ban sani ba ko jin ta sau ɗaya ya isa. Gobe za mu juya.

Ki ci gaba da addu'a. Ina gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Sa'a

Tasawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata Hindatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da dukan gida. Ina fata kin tashi lafiya, ke da maigida da yara. Yau mako guda da dawowarmu. Na so in zo da kaina, amma 'yan sannu da zuwa sun hana ni motsi, kowa yana so ya taɓa gwiwata ya ji ko gaskiya ne.

Na san abin da kike jira, bari in fara da shi. Mun kwana Agadas. Da safe Haisam ya zo da jakarsa a kafaɗa, suka yi ƙus-ƙus a ƙofa, ɗanki ya bi shi suka fita. Bai ɗauki kayansa ba, amma kayan nasa duka nawa ne, riga biyu da bargo. Na zauna a kan ƙunshina na kasa ko shan fura. Baban Lubna ya ɗauki tsumma ya hau goge madubin mota, ya goge, ya koma ya sake gogewa, har Lubna ta ce zai huda shi.

Rana ta take sai ga shi ya shigo shi kaɗai, da buhun albasa a ka. Ya ɗora a mota ya ɗaure. Ya ce wa Lubna ta gaya wa Inna ta shiga, hanya da nisa. Daga baya ta ji a bakinsa cewa raka Haisam ya yi har tasha, ya yi ta ba shi baki ya fasa, bai ji ba. Allah ya tsare ɗan mutane ya maido shi ga uwarsa, don yanzu na san abin da take ji.

Shi ya tuƙo mu tun daga Agadas har ƙofar gida. Da muka shigo Tasawa ta gaban tasha, direbobi suka miƙe tsaye suna kallon Sarkin Yashi a kujerar gefe da kwandon lemu a cinya. Ya leƙa ta taga ya ce musu idonsa ne ke ciwo. A Timiya ƙafa ce, a Tanut baya ne, nan kuma ido. Wani ya ce Allah ya ƙara sauƙi, amma kada ya yi gaggawar warkewa.

Kada ki ɗauka an canza hali. Saƙo yana nan yana bi ta hannun Lubna kamar da. Sai jiya, da ɗanki zai fara fita shi kaɗai da fasinjan kasuwar El Allassane. Mota ta cika, an ɗaure kaya, inji yana ɗumi. Baban Lubna ya fito ƙofar gida ya kira Lubna, ya sake kira, ya manta ta tafi gidan ƙawarta tun da sassafe. Ya waiwayo ya dube ni. Na duƙar da kai na ci gaba da tankaɗe, na ce a raina yau ba ni ba aike. Ya yi ta tsayuwa yana gyaran murya. Da ya ga mota za ta motsa, ya taka da kansa har bakin taga, ya gaya masa ya rage iskar taya in ya shiga yashi, kuma kada ya biye wa fasinja su sa shi gudu. Abin da yaron ya sani tun bai fara gemu ba. Ya amsa da to Baba, suna duban juna, fasinja suna jira.

Uban ya tsaya a bakin hanya har motar ta sha kwana. Ya shigo ya zauna kusa da ni, ya ce wa bango yaron nan ya iya tuƙi. Na ce ya je ya faɗa masa mana. Ya ce in bi shi a hankali, shi ma yanzu yake koyo.

Yau ɗanki kasuwar wajenku zai yi, shi ne zai miƙa miki wannan takarda, da lemu da rumman, da albasar da ya ce taki ce. Ki dube shi da kyau in ya sauko daga mazaunin direba. Na san za ki dama masa fura, ki ce ya kwana, ki ce ɗakinsa yana nan a share. Ki ba shi furar, amma kada ki riƙe shi. Uban zai fara safa da marwa a ƙofar gida tun la'asar, ni kuma zan yi kamar tsintar wake nake a zaure. Tun ranar da kika goya shi kika fita da shi daga ɗakina ban taɓa ce miki ki maido mini shi ba, ko da wasa. Yau ina cewa, Yaya. Ki sako mini shi kafin rana ta faɗi.

Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci. Ki gaida maigida da Zara'u da sauran yara.

Ƙanwarki har kullum,
Sa'a